Shekarar da Na Dafa Rubutu

Yanzu kuma mun zo kan maganar da kuka daɗe kuna ji a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba mata. Ranar sunan ɗan Rabi ina zaune ina rabon waina, da kunnena na ji wata yarinya da ko ɗankwali ba ta fara ɗaurawa ba a lokacin tana ba ƙawarta labari, wai ni ce matar da ta jefa allo sukutum cikin tukunya ta rufe. Wata kuma a kasuwar Bagwai ta taɓa tambayata ko gaskiya ne har da daddawa na sa. To ku saurara, ku 'ya'yana da jikokina, tun ina da baki. Rubutu dai na dafa shi, ban taɓa musawa ba, kuma da za a mayar da ni waccan damina sai na sake dafawa. Amma allo ko taɓa shi ban yi ba, daddawa kuwa Allah ya isa tsakanina da wanda ya ƙirƙiro ta.

A shekarar marka ta yi mana zaman dirshan, sama ta ƙi wayewa har muka manta kalar rana. Rafin da ke bayan gonakinmu ya cika ya batse, wata safiya da hantsi sai ga shi ya shigo gari ba sallama. Katangarmu ta gabas ta kwanta, ɗaki guda ya zauna a ƙasa, masai kuma ya rufta. Ina tsaye a kan turmi, Rabi a goye, na ga ruwa ya ratsa tsakar gida ɗauke da buta, da takalmin babanku, da kaza mai kwanci tana zagin duniya, da kuma duk abin da gidan nan ya tara a masai tun kafin a kawo ni. Kuma na ga inda ya bi. Ta kan bakin rijiya ya bi, don a lokacin ba ta da gini, 'yan itatuwa ne kawai aka gitta mata.

Ku manya an kwashe ku zuwa gidan kawunku da ke kan tudu, shi ya sa ba ku ga komai ba sai labari. Gida ya rage daga Malam, wato kakanku, sai Iya matarsa, sai babanku, sai ni da Rabi, auta, wadda ban daɗe da yaye ta ba kuma ba ta yarda da hannun kowa. Waɗanda ba su riski Malam ba, dattijo ne siriri mai kaifin ido, yana noma da safe, da yamma magidanta su kewaye shi a zaure yana biya musu littattafai. Rijiyar nan kuwa shi ya haƙa ta da hannunsa yana saurayi, da ya dawo daga Makka kuma ya tsiyaya mata zamzam. Ana iya taɓa rawaninsa a kwana lafiya, amma ban da rijiyarsa. Ni kuma surukarsa ce. Na haihu a gidan har na gaji, amma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, magana kuwa ba ta wuce gaisuwa, ita ma a durƙushe, kai a ƙasa.

Da ruwa ya janye, rijiyar ta kwanta ta yi garau kamar ba ita ba. A nan ne ma'aikatan lafiya suka shigo gari da takalman roba har gwiwa, gida-gida. Wadda ta faɗo gidanmu wata 'yar birni ce mai kirki, mai saurin baki, rabin maganarta Turanci. Ta durƙusa ta gaida Malam yadda ya kamata, ina bayan zana ina jin daɗi, sai ta buɗe baki ta ce:

"Baba, ruwan rijiyar nan fa yanzu ba shi da tsarki."

Na dafe kai na ce shi ke nan, yarinyar nan ta kashe mu. Tsafta take so ta ce. Da tsafta ta ce, wallahi Malam ko ɗaga kai ba zai yi ba, zai ce ta shiga ciki ta gaya wa mata, don a wurinsa tsafta sha'anin tsintsiya ce da wanke-wanke. Amma tsarki gonarsa ce. Shekara da shekaru yana karantar da wane ruwa ne ake alwala da shi, wane ne ba a yi, sai ga 'yar cikinsa ta zo har zaurensa ta yi masa fatawa a kan rijiyarsa.

Bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya sa babanku ya jawo guga, aka zuba a farin kwano. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya sansana, ya kurɓa ya jujjuya shi a baki kamar mai sayen man shanu. Sannan ya sanar da ita a hankali cewa ruwa ba ya rasa tsarkinsa sai ɗayan abu uku ya canja, launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa, kuma ga shi ko ɗaya bai motsa ba. Yarinya ta rikice, ta ce ai ba haka take nufi ba, akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani. Malam ya ce shi ma ya yi imani da halittun da ido ba ya gani, mala'iku da aljanu, sai ta faɗa masa waɗanne ne a cikin biyun suka shiga rijiyarsa. Don ta kare kanta ta ciro wata farar ƙwaya ta jefa a kwanon, ta ce wannan ita ke gyara ruwa. Malam ya jira ta narke, ya kai hanci, ya yi murmushi.

"Yauwa. Yanzu ne ya canja."

Nan take ya yanke hukunci, ƙwayar nan ba za ta shiga rijiyarsa ba, ba za ta shiga randar gidansa ba, kada a wayi gari gida guda ana salla da alwalar da ba ta inganta ba. Kafin yarinyar ta fita ta shigo ciki ta same ni, idonta ya yi ja. Ta ce in dai ba a yarda da ƙwaya ba to in tafasa duk ruwan da za a sha har sai ya yi ta juyi, in rufe shi, kada a tsoma masa moɗar da ta taɓa ƙasa. In wanke hannu da sabulu ko toka bayan na wanke wa yarinya kashi da kafin in taɓa abinci, in hana ta wasa a kududdufi. Ta kuma nuna mini yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ko da wani zai fara zawo. Na ce mata na ji, na kuma ce nan gaba in za ta shiga zauren malami ta riƙa tauna kalma kafin ta fito da ita.

Ni ban ce Malam bai san karatunsa ba, har gobe ban faɗa ba. A kan alwala shi ke da gaskiya, ni ma da ruwan nake yin tawa. Amma shi bai hau turmi ya ga abin da na gani ba. Duk sanda na kalli gugan nan sai in kalli Rabi da 'yan ƙafafunta kamar tsinke, in ce wallahi ba da ni ba. Sai na koma tafasa namu ni da ita a wata tsohuwar tukunya, in juye a tulu in rufe, in tura ƙarƙashin gado. Wahalar ita ce makamashi, don kara duk ya jiƙe ya zama kamar igiya. Na ƙone azarar ɗakin da ya faɗi, na ƙone turken akuya, na ƙone wata kujera 'yar tsuguno da Iya ta daɗe tana cewa ta gaji da ita amma da ta ɓace ta zama gadon uwarta. Babanku ya yi ta neman ƙotar fartanyarsa yana tsine wa ambaliya, ni kuwa ina taya shi jaje.

Da a nan abin ya tsaya da babu wanda zai san sunana. Amma ba a jima ba amai da gudawa ya ɓulla a unguwa. Aka fita da mutum daga gidan mahauta, aka fita da yara daga gidan da ke kallonmu, waɗanda Rabi ke bi wasa. Gari ya yi tsit, ko tallar ƙosai babu. Malam ya ɗauko allunansa ya zauna ya rubuta ayoyin tsari, aka wanke a babbar ƙwarya, da ruwan rijiya mana, da wanne za a wanke? Iya ta bi kowa da rabonsa. Ni na shanye nawa na ce in mutuwa ce ta zo ta same ni a ƙoshe. Sai ta miƙo mini ɗan ƙoƙo ta ce na Rabi ne, in ta tashi daga barci in ba ta, ta wuce.

Na daɗe zaune da ƙoƙon nan a hannu. Ku gane, ni ba 'yar birni ba ce. Da rubutu aka raine ni, da shi na haife ku ɗaya bayan ɗaya, kuma ina son 'yata ta sha tsarin kakanta fiye da yadda Iya ke so. Zubarwa ba ta taso ba, wa zai zubar da ayar Allah a ƙasa? In shanye in ce ta sha, na cuce ta na kuma yi wa Malam ƙarya. In ba ta a haka kuwa, na san abin da ke ciki ban da aya. Tsoro ya kama ni sosai. Can sai na ga wuta na ci a murhu, ga 'yar tukunyar da nake dama mata koko a wanke. Na yi bisimilla na juye, na rufe, na ɗora.

Allah da ikonsa, a daidai lokacin wutar Iya ta mutu ta zo ɗibar garwashi. Iya kuwa ba ta iya wuce tukunya ba ta buɗe ba, ko a gidan mutuwa ne. Ta ɗaga murfi ta ga baƙin ruwa yana ɓararraka, ta tambaye ni wace irin miya ce wannan babu ko kuka. Da na so da na ce jiƙon magani ne. Amma ni bakina bai iya kwana ba, na ce rubutun Rabi ne. Iya ta saki murfin, ta ɗora hannu a ka, ta yi salatin da sai da ya tayar da kajin maƙwabta. Katanga kuma ga ta a kwance, don haka kafin tukunyar ta huce labari ya kai bakin rafi. Ni dai na bar ta da salatinta, na fifita rubutun ya yi sanyi, na ba Rabi ta shanye tas har tana lasar baki.

Bayan la'asar aka zauna shari'ata a zaure, Malam da abokan karatunsa. Tunda ba zan iya tsayawa gabansa ba, ina daga soron ciki, babanku ne ɗan aike, ya shiga ya fito yana share gumi kamar mai rabon tuwon biki. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma a gaban mahaifinsa ko kaza ta fi shi ƙwarin gwiwa. Ya zo ya ce Malam na tambaya, shin na san wuta azaba ce, na ɗora ayar Allah a kanta? Na ce ya je ya ce ba ayar na nufa ba, abin da ya bi ta kan rijiya na nufa. Ya tafi, ya dawo da wata. Wai wani daga cikin dattawan ya kawo mas'ala, tururin da ya tashi sama, shin ayoyin sun bi shi ko suna nan a tukunya? Don in sun bi shi, to yarinya ruwan zafi kawai ta sha. Na ce:

"Ka ce musu na rufe da murfi."

Na jiyo wani ya ƙyalƙyale da dariya ya mayar da ita tari. Daga nan zuciyata ta hau, na ce wa babanku ya je ya tambayi Malam, tawadar da yake rubutun da ita, wa yake dafa masa ita? Ba ni ce nake kwana biyu ina fama da ƙaro da baƙin tukunya a kan wannan murhun ba? Babanku ya dube ni kamar na ce ya je ya tsige wa Malam gemu. Ya juya ya shiga zaure, ina ji da kunnena ya ce, "Malam, ta ce ta tuba, a yi mata afuwa." Har ya bar duniya ban daina yi masa gorin wannan aike ba.

Saboda tuban da ban yi ba aka yi mini sassauci, ba a kore ni gidanmu ba. Amma Malam ya ce tunda na fi shi sanin abin da ya dace da rubutu, daga yau allonsa ya fita daga ɗakina, ni da 'yata. Kuna iya yin dariya yanzu, ni a lokacin ban yi ba. Ana tsakiyar annoba, kowace safiya Iya ta zaga da ƙwarya ta tsallake ƙofata. Mata suka sa mini suna Mai Dafa Aya, in na fita su ja 'ya'yansu gefe. Ina tafasa ruwa ina kuka, ina cewa ya Allah in kuskure na yi ka kama ni, ka bar yarinyar nan.

Sai ciwon ya shigo gidanmu, kuma ba kowa ya zaɓa ba sai Malam. Kafin azahar dattijon nan ya zube, idanu sun faɗa, murya ta tafi. Hanyar Bagwai ruwa ya yanke ta, babanku ya bazama neman amalanke da shanun da za su iya ratsawa. Iya ta zo ƙofata ta tsaya tana kame-kame, wai ko ina da labarin abin nan da 'yar birni ta ce, na gishiri, ba don wani abu ba, don dai sani. Na jawo tuluna daga ƙarƙashin gado, na haɗa, na ba ta, na ce ta yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amayarwa. Daga baya ta gaya mini ta ce masa daga rijiya ta ɗebo. Ya kurɓa ya ce rijiyarsa ba ta taɓa warin hayaƙi ba, sannan ya buɗe baki ta ƙara masa. Da shi aka riƙe ransa har aka kai asibiti. Can ma babanku ya ce da aka rataya masa ledar ƙarin ruwa, yana farfaɗowa abin da ya fara tambaya shi ne daga ina aka ɗebo wannan, kuma wa ya shaida tsarkinsa.

Yana kwance a can mazan unguwa suka taru suka yashe rijiyar, ma'aikatan lafiya suka zuba mata magani, aka ɗaga bakinta da bulo da siminti aka yi mata murfi, sabon masai kuma aka kai shi can ƙarshen gida. Babanku ne ya ba da izini, jarumtar da ya yi ke nan a rayuwarsa, ita ma sai da ya tabbatar Malam na da nisa. Malam ya dawo a rame, yana dogara sanda. Ya tsaya ya kalli rijiyar, ya wuce zaure. Bai ce an kyauta ba, bai ce an ɓata ba. Hukuncina kuma yana nan daram, babu wanda ya isa ya tuna masa.

Annoba ta lafa, sai sauro ya karɓi gari, don ko'ina kwatami ne. Duk da gidan sauron da nake lulluɓa mata, Rabi ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Na goya ta na kai ta asibiti, aka gwada jininta aka ba mu magani, muka dawo. Jiki ya ƙi sanyi da wuri, ta daina cin komai, ta daina ko kuka. Masu zuwa dubiya kuwa ba dubiya ke kawo su ba. Su zauna su yi tagumi, su ce Allah sarki, ai dama abin da aka dafa ba ya barin mutum haka nan. Har Iya na ji tana faɗa a bayan ɗaki. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina na fara yarda. Ina ba ta maganin a kan lokaci, amma zuciyata ta gama karyewa, ina ganin ni na jawo wa 'yata.

Washegari da hantsi ina madafa, Rabi na kwance a tabarma kusa da ni, na sauke tukunyar ruwa ke nan, sai na ji ƙarar sanda a tsakar gida tana matsowa. Na ɗauka wucewa zai yi ya duba rijiya. Sai inuwa ta rufe ƙofa. Tunda aka kawo ni gidan nan Malam bai taɓa taka wannan ɓangaren ba. Na zube a ƙasa na ja mayafi, ina kallon ƙafafunsa da suka zama kamar kara. A hannunsa akwai allo, rubutu cike gaba da baya, tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba. Iya ta biyo shi da gudu da ƙwarya da guga tana cewa a kawo ta wanke, ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Matan maƙwabta sun yi cirko-cirko a inda katanga ta faɗi. Ya daɗe yana kallon Rabi. Sannan ya yi gyaran murya, kuma ba da Iya ya yi magana ba, ba da babanku ba, da ni ya yi.

"Ruwan naki ya huce?"

Ni mai bakin nan da kuka sani, sai ga ni ina amsawa ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba a kan zanena.

"Da saura, Malam."

"To, zan jira."

Ya jingine sandarsa, ya tattara rigarsa, ya tsuguna a bakin madafa cikin toka da hayaƙi, allon jikarsa a kan cinya, yana jiran tukunyata ta huce.